Takardar fatent: me take kare wa mai ƙirƙira, kuma yaushe ta cancanci kuɗinsa?

Duk wanda ya ƙera wani abu da hannunsa, ya ga ya yi aiki, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne tsoron kada a sace masa. Shawarar da ake ba shi kuwa kusan kullum ɗaya ce: je ka yi rajistar fatent. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ta yi gajarta ƙwarai, domin akwai wanda takardar za ta ɗaga shi, akwai kuma wanda za ta cinye ɗan jarinsa ta bar shi da satifiket a bango. Manyan kamfanoni suna da lauyoyin da aikinsu ke nan, su tantance abin da za a yi wa rajista da wanda za a bari. Mai ƙirƙirar da yake shi kaɗai, da kuɗin aljihunsa, shi ne lauyan kansa, shi ne akawun kansa, kuma kuskure ɗaya ya ishe shi.

A fara da fahimtar abin da takardar take. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka bayyana yadda abinka yake aiki dalla-dalla, har wani masanin fannin ya iya ƙera shi daga bayaninka, ita kuma hukuma ta ba ka ikon hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar ba da izininka ba, na tsawon shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardunka. Bayan nan abin ya zama na kowa. Wannan wa'adi shi ne a dokar Najeriya ta 1970 da ta shafi fatent da zane-zanen masana'antu, shi ne kuma a mafi yawan ƙasashen duniya.

Abu biyu ke ɓoye a cikin wannan bayani, kuma su ne ke ba mutane mamaki daga baya. Na farko, fatent tona asiri ne. A ƙasashe da dama ana wallafa takardun da aka shigar bayan wata 18, kowa ya karanta kyauta a intanet, har da wanda kake tsoro. Na biyu, ba hukumar da za ta bi kasuwa tana duba maka ko an kwaikwayi abinka. Takardar kamar takardar mallakar fili ce: tana nuna naka ne, amma ba ta gina katanga, ba ta ɗaukar maigadi. Idan wani ya shiga, kai ne za ka gano, kai ne za ka ɗauki lauya, kai ne za ka kai ƙara, wanda a Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro.

Labarin Robert Kearns ya isa a gane nauyin wannan magana. Injiniya ne a birnin Detroit na Amurka, shi ya ƙirƙiro na'urar da ke sa wayifar gilashin mota ta share, ta ɗan dakata, ta sake sharewa, maimakon ta yi ta kaɗawa ba tsayawa a lokacin yayyafi. Ya shigar da takardunsa a 1964, ya nuna wa injiniyoyin Ford abin, yana fatan shi zai riƙa ƙera musu. A 1969 sai ga irin wayifar a motocin kamfanin, ba tare da shi ba. Ya kai Ford ƙara a 1978, ya kai Chrysler a 1982. Sai a 1990 aka gama da Ford a kan dala miliyan 10.2, Chrysler kuma ta biya kusan dala miliyan 30 a 1995. Wanda ya ji adadin zai ce ya ci riba. Amma ya shafe kusan shekara 20 yana zaryar kotu, kuɗi masu yawa sun tafi ga lauyoyi, an kori ƙararrakin da ya shigar kan wasu kamfanonin saboda ya kasa cika wa'adin gabatar da takardu, kuma kafin hukunci ya fito wa'adin fatent ɗinsa ya riga ya ƙare. Masana'antar da ya yi burin kafawa bai taɓa kafa ta ba. Ba don takardar ba da ko sisi bai samu ba, wannan gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa takardar ba ta hana a ɗauki abinsa ba.

Kafin ma a kai ga batun kotu, akwai tambayar ko abin ya cancanci fatent. Tunani zalla ba a yi masa rajista. Idan ka ce kana da dabarar injin da zai riƙa ɓarar gyaɗa da hasken rana, ba ka riƙe komai ba tukuna, sai ka nuna yadda sassan suka haɗu da yadda suke aiki. Doka tana neman abu uku: ya zama sabo, ya zama da ƙirƙira a cikinsa wadda ba kowane gwanin fannin zai hango ta da sauƙi ba, kuma a iya amfani da shi a masana'anta ko noma. Kalmar "sabo" ita ce mai kayar da mutane, domin ana nufin sabo a duk faɗin duniya. Ko da ba a taɓa ganin injinka a Kano ba, idan wani ya wallafa irinsa a Indiya ko Jamus shekara 40 da suka wuce, magana ta ƙare. Saboda haka aikin farko, wanda ba ya cin komai sai data da haƙuri, shi ne bincike a rumbunan fatent na kyauta irin su Google Patents da Espacenet da Patentscope. Yawancin masu ƙirƙira da suka zauna suka yi wannan bincike tsakani da Allah sukan tarar wani ya riga su, ko gaba ɗaya ko a wani sashe. Abin yana da ciwo, amma ya fi sauƙi a gano haka a wayarka da a gano shi a gaban alƙali. Sau da yawa ma binciken ne ke nuna maka ainihin ɗan abin da yake naka, wanda shi ya kamata ka kare.

Wanda ya fi saurin lalata sabuntar abu kuwa shi ne mai abin da kansa. Yaro ya ƙera injin a bayan gida, murna ta kama shi, ya ɗauki bidiyo yana buɗe murfin yana nuna kowane sashe, ya ɗora a Facebook da TikTok, gidan rediyo ya yi hira da shi, mutane suna ta sa albarka. A idon doka ya riga ya bayyana wa duniya ƙirƙirarsa, kuma abin da aka bayyana ya daina zama sabo, ko da shi ne ya bayyana. Amurka tana ba da rangwamen shekara ɗaya ga mai ƙirƙirar da ya bayyana abinsa kafin rajista. Turai ba ta da irin wannan rangwame na gama-gari. Dokar Najeriya ta yi sassauci ne kawai ga wanda ya nuna abinsa a baje-kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin wata shida kafin ya shigar da takardu. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan fage haka abin yake ba tare da ƙari ba. Ana iya nuna abin da injin ke yi ba tare da an nuna yadda yake yi ba. Wanda dole sai ya ga cikin, kamar mai walda ko mai zuba jari, a sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin a buɗe murfin.

Sannan rana tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A Najeriya haƙƙin na wanda ya fara shigar da takardu ne, ko da ba shi ya fara tunanin ba, sai dai idan an tabbatar ya ɗauko ne daga wani ba da yardarsa ba. Amurka ma ta koma wannan tsari tun watan Maris na 2013. Tarihin wayar tarho ya nuna yadda tazarar ke iya ƙanƙanta: lauyoyin Alexander Graham Bell da na Elisha Gray sun kai takardunsu ofis ɗaya a rana ɗaya, 14 ga Fabrairu 1876, kuma sunan Bell ne duniya ta riƙe. Dabarar nan da ake yaɗawa, ta mutum ya rubuta ƙirƙirarsa ya sa a ambulan ya aika wa kansa ta gidan waya, ba ta ba shi haƙƙin komai.

A Najeriya akwai wani abu da ya kamata kowane mai ƙirƙira ya sani tun wuri. Ofishin rajistar da ke Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci da Zuba Jari, yana duba cikar takardu ne kawai: an cike fom, an haɗa bayani da zane, an biya kuɗi. Ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Amfanin wannan shi ne rajistar tana da sauƙi da araha idan aka kwatanta da ƙasashen da ake tsananta bincike. Illarsa kuma ita ce satifiket ɗin da ke hannunka bai tabbatar da komai ba tukuna. Ranar da ka kai wani ƙara, abin da lauyansa zai fara yi shi ne neman tsohuwar takarda daga wata ƙasa da za ta nuna abinka ba sabo ba ne, ya roƙi kotu ta soke rajistar. Don haka binciken da ofis bai yi ba, kai ne za ka yi shi.

Ƙarfin takardar kuma yana cikin wani sashe da masu ƙirƙira suka fi rainawa, wato jerin da'awowin da ke ƙarshenta, inda ake iyakance abin da kake cewa naka ne. Ɗauki injin ɓarar gyaɗar nan. Idan ka rubuta cewa ƙirƙirarka ganga ce mai haƙora 12 na ƙarfe da bel ke juyawa, wani zai sa haƙora 10 na roba mai tauri da sarƙa, ya wuce abinsa, ba ka da ta cewa. Idan kuwa ainihin sabon abin shi ne yadda tazarar da ke tsakanin ganga da raga take daidaita kanta gwargwadon girman gyaɗar don kada ƙwayar ta fashe, to wannan ne za a rubuta, da kalmomin da za su kama kowace hanyar yin sa. Idan aka faɗaɗa da yawa kuma, sai da'awar ta haɗiye abin da wasu suka riga suka yi, ta rushe. Wannan shi ne wurin da nake ganin bai kamata a yi rowar kuɗin gwani ba. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa 'yan Najeriya masu ƙirƙira wajen tsara takardu da shigar da su, kuma ta buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama. Ƙofarta ta fi cancanta a fara ƙwanƙwasawa kafin ta dillali.

Takardar fatent tana tsayawa a iyakar ƙasa. Ta Najeriya ba ta aiki da zarar an wuce Jibiya an nufi Maraɗi. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17 gaba ɗaya. Gana da Sudan suna cikin takwararta ARIPO mai hedikwata a Harare, inda kake zaɓar ƙasashen da kake so. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya. Babu wani abu wai shi fatent na duniya. Abin da ke akwai shi ne hanyoyin sayen lokaci: yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 daga ranar rajistarka ta farko ka shigar a wasu ƙasashe da waccan ranar, tsarin PCT kuma, wato yarjejeniyar haɗin gwiwar ƙasashe kan shigar da takardun fatent, wanda Najeriya ta shiga a 2005, yana tsawaita lokacin zuwa wata 30 a mafi yawan ƙasashe. Bayan nan kowace ƙasa da kuɗinta, da lauyanta, wata da kuɗin fassara. A Amurka kaɗai, rajista ta hannun lauya kan kai dala dubu goma ko fiye, shari'a kuwa ana maganar miliyoyi ne. Ga kuma kuɗin sabuntawa, wanda a Najeriya duk shekara ake biya, kuma idan aka bari ya wuce wata shidan rangwame takardar ta faɗi.

To, wa ya kamata ya yi, wa ya kamata ya haƙura? A ganina tambayar da za ta raba gardama ita ce: ta ina kuɗi zai shigo daga wannan abu? Tsoron sata shi kaɗai ba dalili ba ne, domin takardar ba ta maganin wannan tsoro.

Idan abinka irin wanda ake kwaikwaya da ido ne, kuma masu kwaikwayon ƙananan masu sana'a ne barkatai, fatent ba zai yi maka aiki ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san yadda abin yake: a kawo injin gyara da safe, mai walda ya zagaya shi da tef, ya leƙa ƙarƙashi, ya zana awon da alli a jikin falan ƙarfe, kafin mako ya zagayo ga irinsa a bakin shago. Mutum nawa za ka kai kotu, kuma me za ka karɓa a hannunsu? Shane Chen, wanda ya yi rajistar allon hawa mai taya biyu da ke daidaita kansa a Amurka, ya ga ɗaruruwan masana'antu a Chana suna ƙera shi a 2015, takardarsa na hannunsa. A irin wannan hali abin da ke riƙe kasuwa shi ne riga kowa fitowa, da inganci, da kayan gyara, da suna. Sunan kuwa ana yi masa rajistar alamar kasuwanci, wadda a Najeriya ke ɗaukar shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14 ba iyaka. Siffar kayan ma ana iya yi mata rajistar zane, ta shekara 5 da ake sabuntawa sau biyu.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, misali ne da ya dace a yi tunani a kai. A shekarun 1990 ya fito da dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa ya sanyaya abin da ke ciki. Gautan da ke lalacewa a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Kowace mai ginin tukwane za ta iya yin sa da gani ɗaya, kuma sanyaya ruwa a randa abu ne da kakanninmu suka sani. Darajar abin tana cikin yaɗuwarsa ne. Ya sa aka gina dubbai ya raba a ƙauyuka, kuma wannan ne ya kai shi ga lambar yabon Rolex a 2000, mai ɗauke da dala dubu 75. Wanda ya zaɓi irin wannan hanya yana da wata kariya mai araha: ya wallafa bayanin abinsa a fili, da kwanan wata, yadda ba wanda zai zo daga baya ya yi masa rajista ya hana shi kansa amfani da shi.

Idan kuma abinka haɗi ne ko hanyar sarrafawa da ba a gane ta daga kallon kayan, kamar haɗin sabulu ko man shafawa ko yadda ake busar da wani abu, rufe baki ya fi rajista. Kamfanin man WD-40 bai yi wa haɗinsa fatent ba don kada ya bayyana shi, Coca-Cola ma tana riƙe da nata sirrin fiye da shekara 130. Da sun yi rajista, da tuni wa'adin ya ƙare kowa ya ɗauka. Masu haɗa humra da masu yajin kilishi sun daɗe da sanin wannan ba tare da lauya ba. Rauninsa shi ne idan wani ya gano haɗin da ƙoƙarin kansa, ko ya kai kayan ɗakin gwaji ya warware, ba ka da hujja a kansa, kuma yaron shago ɗaya da ya tashi ya isa ya fita da sirrin idan ba a rubuta komai da shi ba.

Inda fatent ke biyan kuɗinsa da gaske shi ne idan ba kai za ka ƙera abin ba, kana so ka ba kamfani izini ya ƙera ya riƙa biyanka kaso, ko kana neman mai zuba jari. A nan takardar ita ce hajar da kake sayarwa. Kamfani ba ya biyan kuɗi a kan abin da kowa zai iya ɗauka kyauta, kuma manya da yawa ba sa yarda su sa hannu a yarjejeniyar sirri da baƙo, don haka shigar da takardu kafin ganawa ita ce kaɗai kariyarka. Lonnie Johnson, injiniya baƙar fata da ya yi aiki da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ƙirƙiro bindigar ruwan yara da ake kira Super Soaker. Bai gina masana'anta ba. Ya ba kamfanin Larami lasisi a 1989, kayan suka yi kasuwa ta ban mamaki, ya riƙa karɓar kasonsa. Da ya ga lissafi bai cika ba a kan wasu kayan wasa, ya kai kamfanin Hasbro, wanda ya sayi Larami, gaban masu sasanci, aka ba shi kusan dala miliyan 73 a 2013.

A yi hattara da masu cewa za su yi maka komai, daga rajista har nemo kamfani, idan ka biya kuɗi tun farko. A 2017 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai wani kamfani mai suna World Patent Marketing kotu bisa zargin karɓar miliyoyin daloli daga masu ƙirƙira ba tare da ya yi musu abin da ya yi alkawari ba, aka rufe shi. Duk wanda ya yabi abinka kafin ya karanta shi da kyau, kuɗinka yake kallo.

Ma'aikaci kuma ya duba matsayinsa kafin ya kashe ko kwabo. A dokar Najeriya, abin da mutum ya ƙirƙira a cikin aikin da aka ɗauke shi, ko aikin da aka ba shi kwangila, haƙƙinsa na wanda ya ɗauke shi ne, ko da yake doka ta tanadi lada ga ma'aikacin a wasu yanayi. Haka idan ku biyu kuka yi, a rubuta kason kowa tun ana ga maciji. Ranar da kuma aka zo zama da kamfani, abin da za a tsaya a kai shi ne abin da ya ceci Johnson, wato rubutun yarjejeniyar: kashi nawa za a biya kuma daga wane lissafi, mafi ƙarancin abin da za a biya duk shekara ko an sayar ko ba a sayar ba, ikon turo akawunka ya duba littattafansu, wanda zai ɗauki nauyin shari'a idan wani ya kwaikwaya, da sharaɗin cewa idan suka ajiye abin a durowa ba su ƙera ba har wani wa'adi, izinin ya dawo hannunka.